DAGA BAKIN TEKU ZUWA ZARIYA: TARIHIN GIDAN DA AKE ƘERA SOJA

Mai karatu, in kai ma'abocin finafinan yaƙi na Amurka ne, da wuya a ce ba ka ci karo da Full Metal Jacket ba, fim ɗin da Stanley Kubrick ya fitar a 1987. Ko sunan ya kwanta maka, ai za ka tuna farkonsa: ga samari ana yi musu aski ƙwal ɗaya bayan ɗaya, ga kuma wani saje mai faffaɗar hula yana zazzaga musu ruwan ashar tun safe har dare. Wurin da aka gina labarin a kansa sunansa Parris Island, wani tsibiri ne a gaɓar tekun Atlantika, cikin jihar Karolina ta Kudu, inda Amurka take horas da kuratan zaratan sojojinta na ruwa tun 1915. Shi kansa mutumin da ya fito a sajen, R. Lee Ermey, ya taɓa yin aikin horas da kurata na gaske kafin ya shiga harkar fim, shi ya sa abin ya zauna masa a baki. Kuma tsananin da ka gani ba ƙarin gishiri ba ne, domin kuwa a watan Afrilun 1956 wani saje ya kora kuratansa cikin wata fadama da dare a wannan tsibiri don ya ladabtar da su, shida daga cikinsu suka nutse.

To, mu nan Illela teku ta yi mana nisa. Mu dai ga kasuwar shanu, ga manyan motoci jere a bakin iyaka, ga Birnin Ƙonni can tsallake kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Amma duk shekara sai ka ji an ce ɗan gidan wane ya tafi Defo. Bayan wata shida sai ga shi ya sauka a tasha, ya rame, ya yi baƙi, wuya ya miƙe, tafiya ta sake, yara na bin sa a baya. Uwa tana murna tana kuka. Ka taɓa tambayar kanka wane irin gida ne wannan da ke Zariya, wa ya gina shi, kuma don wa? In ka biyo ni za ka ga cewa shi ma asalinsa daga bakin teku ya taso, kuma tarihinsa ya ratsa ta ƙofar gidanmu fiye da sau ɗaya.

Hausawan Gulba

A 1861 Turawan Ingila suka karɓe Ikko. Ba su da sojojin da za su tsare ta, ga shi zazzaɓin cizon sauro yana kashe nasu kamar kiyashi. A lokacin akwai wani hafsan sojan ruwa mai suna John Glover, wanda jirginsu ya taɓa farfashewa a kogin Kwara kusa da Jebba a 1857, har ya bi ta ƙasa ya san mutanen ciki. A 1863 sai ya tara mutum 18, akasarinsu bayi ne 'yan arewa da aka sayar a ƙasar Yarbawa suka gudo, ya ba su bindiga da kaki, ya koya musu fareti. Su ne aka riƙa kira Hausawan Gulba, wato na Glover. Daga wannan shekara ce rundunar sojan Nijeriya take ƙirga shekarunta har yau.

Ka lura da abu biyu a nan. Na farko, ba duka ne Hausawa ba. Duk wanda ya fito daga arewa yana jin Hausa, Banufe ne ko Babarbare ko Bagwari, Bature Bahaushe yake ce masa. Na biyu, Bature ya san abin da yake yi da ya zaɓe su. Baƙi ne a Ikko, ba su da dangi a can, ba su da sarkin da za su ji kunyarsa. Mutumin da ya tsere wa bauta, wanda ya ba shi tuwo da albashi da mafaka shi ne ubangidansa. In an ce harba, zai harba.

Haka kuwa aka yi. Aka kai su yaƙin Ashanti a ƙasar Gana ta yanzu a 1873 zuwa 1874, aka kuma yi amfani da su wajen murƙushe Ijabu a 1892. Daga nan sai abin ya fara hawowa arewa yana bin kogi. Kamfanin Neja mai cinikin kogin Kwara ya kafa nasa dakarun, waɗanda suka ci Bida da Ilori a 1897. A wannan shekarar ce gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugga aikin kafa babbar runduna ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF, aka yi mata sansani a Lakwaja da Jebba.

Ranar da suka iso ƙofarmu

Kai Basakkwace, ga inda abin ya shafe ka. A farkon Fabrairun 1903 wannan runduna ta ci Kano. Ranar 15 ga Maris, 1903, ta tsaya a bayan ganuwar Sakkwato a ƙarƙashin Kanar Morland. Turawan da ke ciki 'yan gommai ne kawai. Sauran sojojin, sama da 600, baƙar fata ne, kuma da Hausa ake ba su umarni. Su ne suka juya bindigogi masu ruwa a kan dakarun Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a filin Giginya, su ne kuma suka bi shi har Burmi inda ya yi shahada a watan Yulin shekarar. A 1906 irinsu aka tura Satiru, aka shafe garin daga doron ƙasa.

Tsallaken iyaka ma labarin ɗaya ne, kaki ne kawai ya bambanta. Faransa ta kafa nata baƙaƙen sojojin a Senegal tun 1857, su ma daga bakin teku. A 1899 wasu hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, suka ratso da irin waɗannan sojoji suna ƙone garuruwa. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau tsofaffi ba sa ba da labarinsa da dariya. Masu karatun littattafai za su tuna Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, kan Sarauniyar Lugu da ta tari wannan ayari, da fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986, wanda ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda Turawan biyu suka ƙare. A watan Yulin 1899, a wajajen Tasawa, bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, sai sojojinsu da kansu suka juya musu baki suka kashe su. Ashe biyayyar soja ma tana da iyaka.

Bayan ƙura ta lafa ne Ingila da Faransa suka zauna suka raba ƙasar, jami'ansu suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamun iyaka. Wannan layin ne ya bar Illela a nan, Ƙonni a can, alhali harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ɗaya.

Saboda haka kada ka yi mamakin yadda kakanninmu suka ɗauki aikin soja. A wurinsu aikin marasa galihu ne. In soja ya shigo ƙauye, mata su shige ɗaki, a ɓoye kaji. Ba uban kirki da zai yarda ɗansa ya sa kaki. Maganar nan ta "soja marmari daga nesa" ba a banza ta samo asali ba.

An kafa Defo

Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka haɗe sojojinsu su ma suka zama runduna ɗaya. Nan take Yaƙin Duniya na Ɗaya ya taso, aka kai su Kamaru suka yaƙi Jamus har 1916, daga nan aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas. Bayan yaƙin, a 1924, aka kafa makarantar horas da kurata a Zariya, wadda ita ce Defo ɗin da ka sani.

Me ya sa Zariya? Duba taswira. Jirgin ƙasa ya iso garin tun 1911 a kan hanyarsa ta zuwa Kano, daga nan wani reshe ya nufi Jos, daga baya kuma wani ya nufi Gusau har Kauran Namoda. Ga Kaduna, hedikwatar Arewa, kusa. Ga shi Turawa sun riga sun ƙudurta a ransu cewa 'yan arewa, musamman waɗanda ba su yi boko ba, su ne suka fi dacewa da soja, don a ganinsu wanda ya yi karatu yana da yawan tambaya. Saurayin da ya taso daga wajajen Illela a wancan zamani sai ya taka da ƙafa ko ya hau jaki ko akori-kura har ya kai inda dogo ya tsaya, sannan jirgi ya sauke shi a Zariya.

A can za a aske shi, a ba shi lamba, a ba shi gajeren wando na kaki da jar dara. Takalmi kuwa babu, don shekaru da dama sojan Nijeriya da ƙafarsa a ƙasa yake fareti. Harshen aiki Hausa ce, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Da yake an tara ƙabilu iri-iri, sai wata irin Hausa ta tsiro a bariki, wadda ba ruwanta da namiji ko mace a magana, ita ce ake kira Barikanci. Hausa ita ma ta ci riba, domin daga bakin waɗannan mutane muka samu kalmomi irin su soja, kurtu, bariki, fareti, hafsa, kofur, saje, samanja, kyaftin da manjo. Duk lokacin da marubuciya ta sa wa jarumin littafinta Kyaftin wane, to daga gadon bariki take ci ko ba ta sani ba.

Akwai wani mutum da rayuwarsa ta tattara wannan zamani duka, Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja ne a ƙarƙashin Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi, daga baya ya shiga rundunarsu, ya yi yaƙin duniya na biyu a ƙarƙashinsu, ya kai muƙamin babban samanja, ya bar aiki a 1953. Tuta biyu, mutum ɗaya. Yau barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

'Yan Bama

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya buɗe ƙofar bariki warwar. Daga 1939 aka shiga ɗibar samari ta hannun sarakuna da hakimai, wasu da son ransu, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ke kawo wa mutane labarin fagen fama. An fara kai su Habasha da Somaliya suka yaƙi Italiya, sannan daga 1943 aka loda su a jiragen ruwa zuwa Indiya, daga can sai dazukan Bama don su kara da Japan. Ka yi tunanin yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Rima ba, yau ga shi makonni a kan teku ba ya hango ƙasa.

Runduna biyu ta Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, su suka yi wannan yaƙi. Wata birged ta 'yan Nijeriya kuma aka haɗa ta da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit, waɗanda ake saukewa da jirgin sama a bayan abokan gaba a 1944. Shi ya sa barikin da Defo take ciki a Zariya ake kiransa Chindit. Haka nan Kalapanzin a Kaduna, da Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, duk sunayen wurare ne na Bama. Sa'adu Zungur ya tari waɗanda suka dawo da waƙarsa Maraba da Soja. Mai son ya ɗanɗani wannan rayuwa a ƙagaggen labari ya nemi Burma Boy na marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya fito a 2007. Jaruminsa Ali Banana yaro ne ɗan arewa da ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi, kuma mahaifin marubucin da kansa ɗan Bama ne.

Yaƙin ya sauya abubuwa da yawa. An buƙaci direbobi da akawuna da masu aikin waya, sai aka ɗebo 'yan boko daga Kudu, Turanci ya fara ture Hausa a bariki. Waɗanda suka dawo kuma sun ga Bature yana kuka, sun ga ya mutu kamar kowa, kwarjininsa ya ragu a idonsu. Na ɓangaren Faransa nasu ya fi muni. Ranar 1 ga Disamba, 1944, a sansanin Thiaroye da ke bakin teku kusa da Dakar, aka buɗe wa sojojin Afirka wuta don sun nemi haƙƙinsu na kuɗi. Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow sun mayar da wannan fim a 1988, mai suna Camp de Thiaroye.

Daga sojan Sarauniya zuwa sojan ƙasa

A 1954 aka buɗe sashen horas da yara a Zariya, wanda ya zama Makarantar Soja ta Nijeriya, inda irin su Tunde Idiagbon da David Mark suka yi karatu. A 1958 ikon rundunar ya dawo hannun gwamnatin Nijeriya, aka kuma shigo da tsarin rabon gurabe, Arewa rabi, Gabas da Yamma kwata-kwata. A nan ne ra'ayin manyanmu ya juya. Sardauna da Muhammadu Ribaɗu, ministan tsaro na lokacin, suka shiga kwaɗaita wa ɗaliban sakandare na Arewa shiga soja, don sun hango cewa wanda ba shi da kowa a bariki wata rana zai yi kuka. Sai dai ka bambance, mai karatu: hafsoshi a Kaduna ake horas da su, a NDA da aka kafa a 1964. Zariya ta ƙananan sojoji ce, 'ya'yan talakawa, waɗanda su ne a sahun gaba in an ce a tashi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar daga wajen mutum 10,000 zuwa kusan 250,000. Horon watanni ya koma na makonni, aka riƙa tura yara fagen fama da ɗanyen hannu, da yawa ba su dawo ba. Daga baya 'yan Defo sun je Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sannan tun 2009 suna fama da Boko Haram a Arewa maso Gabas. Tarihin gidan yana da tabonsa na kusa ma. A watan Disambar 2015, ranar bikin yaye kurata, rikici ya ɓarke a Zariya tsakanin ayarin babban hafsan sojan ƙasa da mabiya Harkar Musulunci, kuma kwamitin shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ya bayyana a 2016 cewa an binne mutum 347 a kabari ɗaya.

Yau saurayi ko budurwa ta intanet suke cike takarda, da shaidar gama sakandare, a tantance su a jiharsu, sannan a kwashe su zuwa horon wata shida: gudu tun asuba, fareti, harbi, karatun taswira, kwanan daji. Bayan shekara ɗari Zariya tana ɗauke da wannan nauyi, a 2025 an buɗe wata Defo a Oshogbo. Wanda kuma ya zaɓi sojan ruwa, sai ya gangara Onne kusa da Fatakwal, wato ya koma bakin tekun da abin ya faro.

Bakin bindiga ina ya dosa?

Ka tuna watan Agustan 2023? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka rufe iyakar Illela, motoci suka yi cirko-cirko, albasa ta ruɓe, kuma ECOWAS ta yi barazanar tura sojoji Nijar. A gidaje da yawa na garin nan akwai ɗa a cikin kaki, akwai kuma kawu ko gwaggo a Ƙonni. A can ma akwai samarin da aka horas a Tondibiya kusa da Yamai, masu jin Hausa irin tamu. Da an ba da umarni, wa zai harbi wa? Allah ya kiyaye, malamai da sarakuna da sanatocin Arewa suka sa baki, ba a yi ba, aka buɗe iyaka a watan Maris 2024. Amma a 'yan makonnin nan mun ɗanɗani abin da mutanen 1899 da 1903 suka sha.

A ɗaya hannun kuma, wa muke kira in 'yan bindiga sun tare hanya, ko Lakurawa sun ɓulla a Tangaza da Gudu? Wannan yaron dai da ya sauka a tasha da aski ƙwal. Barikin soja na Sakkwato sunansa Giginya, sunan filin da sojojin Lugga suka karkashe mutanen Attahiru. Rundunar da ta ci garin ita ce yau take ɗauke da sunan waɗanda ta ci, take kuma gadin jikokinsu.

Defo tana koya wa kurtu yadda zai riƙe bindiga da yadda zai bi umarni, kuma ta iya wannan aiki tun 1924. Inda bakin bindigar zai dosa kuwa ba a filin fareti ake yanke shi ba. Shugabanni ke yankewa, su kuma mu ne ya kamata mu riƙa tambayarsu.

A nan nake da ƙorafi a kan marubutanmu da 'yan fim ɗinmu. A littattafanmu soja kullum kyakkyawan Kyaftin ne mai zafin kishi da tsadaddiyar mota. A finafinanmu kuwa sau da yawa shi ne wanda ake kira ya zo ya sa mutum tsallen kwaɗo a yi dariya. Ina labarin bawan da ya gudo Ikko ya sa kaki, aka wayi gari yana tsaye a bayan ganuwar garinsu? Ina labarin tsohon ɗan Bama da ya dawo ƙauye da lambar yabo a aljihu ba shi da ko akuya? Ina na uwar da ke zaune a Illela tana jiran waya daga Barno? Amurkawa sun yi wa tsibirinsu fim har mu nan mun san shi. Mu kuwa ga labarin shekara 160 a ƙofar gida, tsofaffin da suka san shi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. In akwai tsohon soja a unguwarku, ɗauki biro da takarda ka je ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ba ni labarin Defo." Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare na raye, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya.